Mahaifin da Bai Taɓa Yi Mini Magana da Hausa Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma, wani da safe wani da yamma. Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, tsakiyar damina, a ƙauyenmu da ke tsakanin Damari da Sabuwa. Ni ne ɗansa na fari, kuma ban samu jana'izarsa ba. Saƙon ya iske ni a Ƙanƙara, inda nake aikin malamin gona. Na shiga mota, inda mota ta gaza na hau acaɓa. Ruwa ya cinye hanya a wuri biyu, a na uku kuma mutanen wani ƙauye suka tare mu suka ce mu dakata, an ga baƙin babura sun gifta ta bakin daji. Ko da na iso, waɗanda suka kai shi sun dawo suna wanke ƙafa a bakin rijiya.

An shimfiɗa tabarmi daga zaure har gindin dalbejiya. Ban zaci mutane za su taru haka ba, ga halin da hanya take ciki. Yawancinsu tsofaffin ɗalibansa ne, don ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Faskari da Sabuwa, har ya yi ritaya yana hedimasta. Wasu sun yi furfura, wasu sun fi ni tsufa nesa ba kusa ba. In an shafa fatiha aka yi shiru, sai wani ya ɗauko labarinsa.

Wani direban babbar mota, mai zuwa kudu da hatsi, ya ce, “Wallahi duk sadda ɗan sanda ya ɗaga min hannu ya ce ‘pull over’, Malam nake tunawa. Kurar ɗaukar kaya ya sa muka turo cikin aji, ya ce in kai ta gefen bango in tsaya. Shi ke nan, har yau ban manta ba.”

Wani tsohon soja ya kama gemunsa ya ce shi kuwa akuya aka ɗaure masa a ƙafar benci, tana kuka tun daga shiga aji har tashi, sannan Malam ya ce abin da ya yi yau shi ne “put up with”, wato jure abin da ba ka so. Mutane suka yi dariya, suka tuna inda suke, suka haɗiye ta da salati. Wata ma'aikaciyar asibiti da ta zo daga Faskari ta tsaya daga bakin zaure ta yi gaisuwa, ta fashe da kuka, aka shige da ita cikin gida. Liman yana ta maimaitawa, “Mutum na mutane. Ya tahi bai riƙe kowa ba.”

Ni kaɗai wannan maganar ba ta shige ni ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan muna ɓace da mahaifina, kuma laifin nawa ne. Ban sani ba ko ya tafi yana fushi da ni. Duk wanda ya san abin da fushin mahaifi yake nufi a duniya da lahira ya san dalilin da ya sa na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarma sai in tashi in shiga zaure, in na shiga zaure sai in fito in nufi bayan gari, in tsaya a kan kabarin da ƙasarsa ba ta bushe ba, in dawo. Goggo, yayarsa, ta aiko a ce mini in zauna, mutane suna neman wanda za su yi wa gaisuwa.

Rubutun nan na yi shi ne don kada a manta da shi, amma ba zan ɓoye ba, na yi shi ne kuma don in huce.

Malam mutum ne na da, kuma kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, can na tashi. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa ɗaukata ba a gaban mutane. In yana son a aike ni sai ya ce wa Kaka, “A ce wa wancan ya kai buta masallaci.” In na gaishe shi sai ya amsa wa bango, ko ya tambayi wanda ke kusa ko an ba jaki ruwa. Inna, mahaifiyata, ta ma fi shi. Ita “ɗan tsohuwa” take ce mini, kuma ko tuwo za ta ba ni sai ta ajiye a ƙasa ta ce wa iska ga abinci nan. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa duk 'yan fari. Amma ina kallon ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, kuma ƙarya nake in na ce ban ji komai ba.

Ina aji huɗu aka mayar da shi makarantar da nake, a wajen Tafoki, ya zama shi ke ɗaukarmu Turanci. Ranar farko ya shigo da alli a aljihu da jan biro a maƙale a hula. Ya dubi aji, ya nuna ni da ɗan yatsa, ya ce, “You, stand up.” Na waiga baya ina neman wanda ake nufi. Babu kowa a bayana sai bango. Ya sake faɗa, yana kallon tsakiyar idona. Na miƙe. Wannan ce magana ta farko da mahaifina ya taɓa yi mini baki da baki, ina ɗan shekara goma.

Daga baya na gane yadda ya tsara abin a ransa. Da Hausa shi uba ne, ni ɗan fari, akwai kunya. Da Turanci shi malami ne, ni ɗalibi, kunya ba ta san hanyar nan ba. Bai taɓa bayyana mini haka ba, kuma babu wanda ya taɓa tanka masa. Ko Kaka, da ba ta barin kowa ya sha ruwa, cewa kawai take yi, “Ga su can sun koma yaren nasu.”

Duk cikin Turanci ba abin da yake ƙauna kamar ƙananan kalmomin nan na aiki da ke tafe da wata 'yar kalma a bayansu, irin su “get up” da “give in” da “put off”. Shi ya raɗa musu suna, kalmomi masu goyo. Yakan ce “put” ita kaɗai sakarya ce, ajiyewa kawai ta iya. Amma ta goya “on” ta sa riga, ta goya “out” ta kashe wuta, ta goya “off” ta ɗage biki zuwa wani mako. “Ku dubi goyon,” in ji shi, “kada ku tsaya kallon uwar.” Manyan kalmomi masu cika baki kuwa ya tsane su. Ya ce waɗannan na tsoratar da ƙauyawa ne, masu harshen da ƙananan nan suke cin abinci, da su suke faɗa, da su suke shiryawa.

Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ka rubuta kalma sai jikinka ya aikata ta. Ba ya fassarawa da Hausa, ko za ka mutu. Ajinsa kullum kamar kasuwa, da buta da fitila da igiya da tsohuwar hula. Wannan ya sa hular, wancan ya cire, wani ya hura wuta a kasko wani ya zo ya kashe. Ranar da zai koya mana “put off” cewa ya yi gobe zai kawo mana rake. Gobe ta yi ya ce sai jibi. Jibi ta yi ya ce sai Litinin. Da muka fara gunaguni sai ya rubuta kalmar a allo, ya ce to yanzu kun san ta. Raken bai zo ba har yau, kuma cikin masu zaman makoki akwai wanda ya tuna da shi.

Ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya yana kabari. Yana da zafin rai, yana da bulala, kuma in ya kafe a kan magana ko Kaka sai ta haƙura. Wani ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga jami'a yana zuba Turanci a majalisa, mutane suna ta mamaki. Malam ya bari ya gama, ya ce masa ya faɗi abin da ya faɗa duka da kalmomin da ɗan aji uku zai gane. Saurayin ya kasa. Malam ya ce, “To kai ma ba ka gane ba ke nan.” Uban yaron ya yi wata biyu ba ya gaishe shi, Malam kuwa ko a jikinsa.

Amma shi ne kuma wanda ya yi damina guda yana taka keke zuwa wata ruga bayan la'asar, don wata yarinya da ta faɗi jarrabawar Turanci sau biyu, ubanta ya ce ta haƙura da karatu. A gindin tsamiya yake zaunar da ita, ga kakarta a gefe tana kaɗa nono, ya sa ta zuba ruwa, ta kwashe, ta ɗaga, ta sauke. Ita ce ma'aikaciyar asibitin da ta kasa tsayar da kukanta a bakin zaure. Ni ban ma san labarin ba sai a zaman makokin, daga bakinta.

Ni kuwa darasina bai ƙare da firamare ba. A gona yake ci gaba, muna noma kunya da kunya, shi a gaba ni a baya. Ya tuge ciyawa ya ɗaga ya ce “pull up”, in tuge tawa in faɗa. Rijiya ta ƙafe, kalma ce. Gero ya ƙare a rumbu, kalma ce. A hankali na lura misalan da yake ba ni ba irin na sauran yara ba ne. Shekarar da na yi ciwon shawara har aka fid da rai, bai shigo ɗakin Kaka ba, ba zai iya ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ce wa labule, “You will get over it.” Za ka warke ke nan, za ka haye. Ya sa na faɗa sau uku da muryar da ta rage mini, sannan na ji takunsa ya tafi.

Ranar da sakamakon jarrabawarmu ya fito na zo na ɗaya, mutane suka taru suna yi masa barka. Ya ɓata rai ya ce yaran yanzu duk sa'a ce, ya tashi ya bar wurin. Na ji haushi har na ƙi cin abincin rana. Da yamma ina ba tumaki dusa ya zo ya tsaya kamar mai duba turke. Ya ce in ba shi jimla da “keep up”. Na ƙaƙaro wata doguwa. Ya girgiza kai ya ce, “No. Keep it up.” Ya juya ya tafi masallaci. Na daɗe tsaye da kwanon dusa kafin in gane yabo ne aka yi mini.

Haka muka rayu shekara talatin da shida. Da zan tafi makarantar koyon aikin gona, da zan yi aure, da aka ba ni aiki a Ƙanƙara, kowanne da kalmarsa. Da ɗiyata ta fari ta rasu tana wata bakwai, ya zo ya zauna cikin masu gaisuwa kwana biyu bai dube ni ba. Sai da zai hau mota, ƙafa ɗaya a ciki, ya ce “hold on” a hankali, wato in riƙe, kada in saki. Duk nasihar da aka yi mini a kwanakin nan, ita kaɗai ta zauna.

Sai zaman ƙauye ya lalace. Ba sai na ba kowa labari ba, duk wanda ke ƙasar nan ya sani. Gonakin bakin daji aka fara bari, sannan aka daina kwana da shanu a waje. Da aka shiga ƙauyen da ke gabanmu aka kora dabbobi aka tafi da mutane, rabin garinmu ya watse, wasu Sabuwa, wasu Faskari, wasu inda Allah ya nufa. Na gyara ɗakuna biyu a gidana, na ɗauko a-kori-kura na zo kwashe su Malam.

Na same shi a zaure da liman da mai unguwa da abokansa biyu. Na fara da Turanci, yadda muka saba. Na ce lokaci ya yi da za su tashi. Sai ya mai da abin darasi. Ya ce in bambance masa “move out” da “run away”, ƙaura da gudu, in faɗa masa wanne nake nema ya yi. Na ce ba karatu ya kawo ni ba. Ya ce amsa yake jira. Direba yana ta danna ham a waje yana cewa rana tana yi, ba zai bi hanyar nan da yamma ba. Ni kuma kwana uku ban yi barcin kirki ba saboda tunaninsu. Ban san sadda na miƙe tsaye a kansa ba, na dube shi ido cikin ido, na yi masa Hausa.

Na ce, “Malam, taurin kanka zai kashe Inna da yaran nan. Kai ka tsufa, ba ka da abin da za ka rasa. Mu kake so ka bari da baƙin ciki.”

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wanda bai san gidanmu ba zai ce kalmomin ne suka yi zafi, kuma sun yi. Amma abin da ya fi su shi ne harshen da na faɗe su da shi. Shekara arba'in da wani abu yana tsare wannan kunyar, ni na yaga ta a gaban abokansa cikin numfashi ɗaya. Maganar Hausa ta farko da ta taɓa shiga tsakaninmu kai tsaye, ita ce wannan.

Bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen liman ya ce, “Liman, a tambayi baƙon nan ko ya gama.” Ya ɗauki butarsa ya shiga gida. Bayan ɗan lokaci ƙannena mata biyu da autanmu suka fito da kayansu, an ce su bi ni. Shi da Inna suka zauna. Goggo ma ta ce ba ta barin ƙaninta.

Daga ranar Turanci ya mutu tsakaninmu. Na zo sau biyar. In durƙusa in gaishe shi da Turanci, ya dubi wanda ke kusa ya ce, “A ce an gode.” Na aika Goggo ta ba shi haƙuri, ta dawo ta ce ya ce ya wuce. Na aika liman, shi ma haka. Amma na san mahaifina. “Ya wuce” abin da yake faɗa wa mai akuyar da ta ci masa dawa ne. Da ya wuce da gaske, da ya tambaye ni jimla. Ni ma kuma ina da nawa taurin kan, ba a ƙasa na tsince shi ba. A raina ina cewa ai gaskiya na faɗa, ina jiran ranar da zai gane. Ban taɓa kama ƙafarsa na yi kuka ba, abin da ya kamata in yi tun ranar farko.

Farkon daminar bana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na zo na same shi kwance, baki ya karkace, magana ba ta fita. Na zauna a bakin ƙofa yini guda. Ya dube ni sau ɗaya ya rufe ido, ban sani ba ko gajiya ce ko ƙi. Na koma Ƙanƙara da niyyar in dawo in an gama rabon taki. Aka gama, ruwa ya karya gada. Waya kuma a ƙauyenmu sai an hau tudu, wani lokaci a yi mako ba ta shiga. Na ce bari hanya ta ɗan bushe. Ina cikin wannan bari-barin saƙo ya zo.

Kwana biyun farko na makoki na zama kamar mai bincike. Duk wanda ya yi jinyarsa na ja shi gefe. Liman ya ce bakinsa ya buɗe daga baya, yana magana a hankali, kuma ya yafe wa kowa da kowa a gabansa. Na ce, “Ya ambace ni?” Liman ya ce, “Yo ta ina zai ambace ka? Ka taɓa jin ya ambace ka?” Mai unguwa ya ce sun so a kira ni, Malam ya hana, ya ce kada a taso kowa a kan wannan hanyar. Na rasa yadda zan ɗauki wannan, tausayi ne ko ba ya son ganina. Na buɗe akwatinsa na ƙarfe na zazzage, ko ya bar takarda. Tsofaffin littattafai ne da guntayen alli da takardar ritaya. Na manta hannun da yake rubutu da shi ya riga shi mutuwa.

Na sami Goggo a madafa na sake tambayarta. Ta ce, “Kai dai ba ka da haƙuri, kamar wanda ya haife ka. Ka bari a yi addu'ar uku mana.” Na ce mene ne haɗin addu'ar uku da tambayata. Ta ce in matsa mata, hayaƙi yana shiga idonta.

Ranar uku da safe aka yi addu'a, aka raba waina da gumba, baƙi suka fara neman abin hawa tun rana ba ta yi ba. Ina sallamar mutane Goggo ta leƙo zaure ta ce, “Ana kiranka ciki.” Na ɗauka wasu mata ne za su yi gaisuwa. Sai ta wuce da ni ɗakin Inna, ɗakin da rabona da shiga tun ban yi wayo ba.

Inna tana zaune a tabarma cikin kayan takaba, ta ba ƙofa baya, fuskarta wajen bango. Ta rame. Ta ce wa Goggo, “Ki ce ya zamna.” Na zauna a dokin ƙofa. Sai ta gyara murya, ta ɗaga hannuwa biyu ta yi kamar mai kwance igiya daga turke, ta buɗe tafukanta, ta ce wa bango:

“Ai let yu of.”

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta dafa ƙirjinta ta ce, “Luk afta ha.” Sannan ta miƙa hannu gaba kamar mai kora tumaki kiwo, ta ce, “Keri on.” Ta sauke hannun a cinya, tana haki kamar wadda ta sauke dami.

Goggo ta share ido da gefen zane ta ce, “Kwana goma sha tara shina koya mata. Kullum in ya sha koko sai ya ce a kira ta. Ya sa ta kwance akuya ta ɗaure, ta kwance ta ɗaure, har akuyar ta gaji da mu. Matan gari suka fara cewa ko ta samu taɓi, tana daka tana 'yan surutai. Na ce mashi, Malam, ka hwaɗa min da Hausa mana in gaya mashi. Ya ce in da Hausa ne ba za ka yarda ba. Na ce to ni ka koya min. Ya ce a'a, ita. Kuma ya ce kada a hwaɗa maka cikin taro, sai an watse.”

Ya san ni. Ya san zan bi liman da mai unguwa da tambaya, ya san zan zazzage akwati. “I let you off” shi ne abin da malami yake ce wa ɗalibin da ya yi laifin bulala, aka tabbatar ya yi, sannan aka sake shi ba a doke shi ba. Bai ce ban yi laifi ba, kuma bai ce na yi gaskiya ba. Ya ce ya sake ni. Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi a kan kabarinsa ba.

Da na lafa, Inna ta ce wa Goggo, “Tambaye shi ko na hwaɗa daidai. Ya ce in na ɓata ko guda, saƙon bai kai ba.”

Na ce, “Goggo, ki ce mata daidai ta faɗa. Ko shi iyakar abin da zai faɗa ke nan.”

Ta ce, “To mi ya ce? Ni ya ƙi gaya min. Na tambaya har ya yi hushi.”

Sai a lokacin na gane ta ɗauki kayan nan kusan wata guda ba ta san abin da ke ciki ba. Na juya wajen Goggo na fassara, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ya yafe mini abin da na yi masa a zaure. Ta biyu, in kula da Inna. Ta uku, in ci gaba da rayuwata.

Inna ma ranar nan tana bayan zana, ta ji sadda na sa sunanta cikin rashin kunyar da na yi wa mijinta, kuma ban taɓa tunanin in nemi tata yafiyar ba. Na ga kafaɗunta sun motsa. Sai ta juyo gaba ɗaya, ta bar bangon, ta dube ni a fuska, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni. Ba ta yi alamar igiya ba, ba ta kuma bi ta kan Goggo ba. Ta sake faɗin ta farkon, a hankali, yanzu da ta san abin da take faɗa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sake shi ranar hisabi kamar yadda ya sake ni. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe.